Ƙwan Fitilar da Na Cire

A Salaga, a shekarun da nake magana a kai, idan aka ce "masta" ba a ƙara komai ba, to ni ake nufi. Makanike ne ni, abin da mutanen zangonmu ke kira fita, kuma Allah ya hore mini baki. Mota ta shigo garejina tana tari, kafin direba ya sauko na riga na faɗi ciwonta, in ya yi gardama in wanke shi tas a gaban jama'a. Magana ɗaya ce ba ta taɓa fitowa daga bakina ba, wato in ce ban sani ba.

A farkon shekarun casa'in wani Alhaji mai fataucin shanu da doya ya sayo mota daga Kumasi, irin waɗanda Turawa suka hau suka gaji aka turo mana. Direbansa mutumin Bawku ne, dattijo mai sanyin hali, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya yi shekaru yana jan manyan motocin shanu zuwa kudu, ko kaza bai taɓa takawa ba. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini masta, har da ɗan rusunawa, abin da a lokacin yake yi mini daɗi ƙwarai.

Motar ba ta daɗe da zuwa ba ya kawo mini ita. Ya nuna mini wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a bayan sitiyari, da haruffa uku a jikinta, ABS.

"Masta, wannan abu ya kama, ya mutu, ya kama. Alhaji bai so shi. Mene ne?"

Ban taɓa ganin irinta ba. Na buɗe bonet, na tarar da wani akwatin ƙarfe da bututan man birki suka shiga suka fita, na tsaya ina kallonsa yana kallona. Ga mutane zaune a benci suna jiran su ji abin da masta zai ce. Na duba mai, yana nan cike. Na taka birki, ya kama. Sai na ce, "Iyayin Turawa ne kawai, Baba. Je ka yi sallah ka dawo." Kafin ya dawo na kwance gilashin, na zare ƙwan fitilar, na jefa cikin gwangwanin kusoshi. Ya kunna mota, ba fitila, ya yi ta sa mini albarka.

Bayan makonni kaɗan ya kai Alhaji Yendi ranar kasuwa. Hanyar jar ƙasa ce mai gargada, tana girgiza mutum har haƙora. Sun shiga gari lafiya, yana tafiya a hankali zai tsaya a bakin kasuwa, motar ta ƙi tsayawa. Ta kutsa cikin tulin doya, ta bugi wata tsohuwa mai sayarwa, ƙafarta ta karye.

Da suka dawo aka zauna a zauren Alhaji bayan la'asar, kamar yadda muke yi a zango, magana ba ta wuce dattawa. Aka aiko a kira ni, tunda ni ne mai ƙarfe. Na tarar da Baba a gefen tabarma, hularsa a hannu.

"Wallahi na taka," in ji shi. "Birki ya harbi ƙafana, gir-gir-gir, kamar akwai mutum a ƙasa yana ture ni. Mota ya ci gaba da tafiya."

Liman ya juyo gare ni. "Masta, haka na faruwa?"

A nan ne ya kamata in tuna da gwangwanin kusoshi. Gaskiya ma na tuna. Amma na karɓi makulli, na ja motar a gaban kowa zuwa ƙarshen layi, na dawo a guje, na taka birki. Ta tsaya cak. Na sake, ta sake tsayawa. Sau uku. Na sauko ina karkaɗe hannu.

"Baba, tun ina yaro nake kwance birki, ban taɓa ganin wanda ke harbi ba. Jaki ne?" Aka yi dariya, dariyar kuwa ta hau mini kai. Na ƙara da cewa, "Sai dai in akwai abin da aka ɗan kurɓa a Yendi. An ce pitonsu da ƙarfi."

Mutumin da kullum yake sahun gaba a masallaci, shi na jefa da maganar giya. Ya dube ni, ya dubi ƙafarsa ta dama, ya daɗe yana kallonta. Alhaji ya miƙo mini hannu, na ba shi makullin, ya sa a aljihu bai mayar wa Baba ba. Kafin Juma'a ta zagayo yara sun fara yi masa waƙar pito a hanya. Ya kwashe iyalinsa ya koma Bawku.

Da Alhaji bai samu sabon direba da wuri ba, sai ya roƙe ni in kai shi Yendi duba tsohuwar. Mun sha gargada, mun shiga gari, na rage gudu kusa da tasha, na ɗora ƙafa. Gir-gir-gir. Birkin ya turo ƙafata sama, motar tana ta silalewa wajen wani mai keke. Na fizgi birkin hannu da ƙarfin tsiya, muka tsaya.

"Lafiya, masta?" in ji Alhaji daga baya.

"Rami ne, Alhaji."

A satin nan na ce mota tana son a duba ta a Tamale, na kai ta wajen wani fita da ya taɓa aiki a ƙasar Turawa. Ya cire tayar gaba, ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai waya wanda ke gaya wa akwatin nan yadda taya ke juyawa. Jar ƙasa da tsatsa sun toshe shi. In ya rikice, sai akwatin ya zaci taya na zamewa, ya riƙa sakin birki da kansa, yau ya yi, gobe bai yi ba. "Ai mota tana faɗa kafin ta yi," ya ce. "Fitilarta ba ta kama ba?" Ya leƙa bayan sitiyari, ya yi tsaki. "Wane jahili ne ya cire ƙwan?"

Na ce haka aka sayo ta.

Ya gyara, na dawo da mota lafiya lau, Alhaji ya yi ta yabona. Kullum ina cewa gobe zan gaya masa. Goben ba ta zo ba har ya rasu.

Bayan wasu shekaru na je Bawku neman kayan gyara da ake shigowa da su ta kan iyaka. A kasuwar shanu na ji an ce, "Masta!" Baba ne, ya rame, da sanda a hannu, yana gadin turke. Ya rungume ni, ya ja ni gidansa dole, matarsa ta kawo tuwo da miyar kuka. Kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Don in cike shirun na tambaye shi ko yana ɗan taɓa tuƙi.

"A'a, masta. Tun ranan nan ban taɓa sitiyari ba. An kira ni aiki Zebilla, na ƙi." Ya shafa gwiwarsa. "Pito dai, Allah ya sani ban sha ba. Amma na yi tunani, kai ka san ƙarfe, ka ce birki lafiya. To, laifi na ƙafana ne, ko na kaina. Mutum da kai nasa yana ruɗe shi, bai kamata ya ɗauki rai na mutane ba. Na gode Allah da ka gane da wuri, kafin in kashe wani."

Maganar ƙwan fitilar ta zo mini baki. Jimla ɗaya ce, kuma ba kowa a ɗakin sai ni da shi. Ya turo mini ƙwaryar ruwan wanke hannu, yana murmushi.

"Mota yana nan?"

"Tana nan, Baba."

"Birki fa?"

"Lafiya lau."

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Bisimilla, masta."

Na wanke hannu, na ci tuwonsa.