Irin da ya tsira kan burtali

Ko ƙasa ta rufe mini ido ba za ni manta shekarar da gulbi ya ci garinmu ba, can wajen Tozai. Gona ta nutse tun gero bai nuna ba, rumbunmu kuma ruwa ya ɗauke shi ɗungum. Cikinsa akwai zangarkun irin da maigidana ya gada tun daga kakansa, gero mai doguwar zangarniya da tsuntsu ba ya iya ci saboda gashinsa. Mutumin nan ya fi son irin nan da ni, na sha gaya mishi. Kowa ya roƙa, amsarsa ɗaya: "Sai baɗi."

Da ruwa ya janye, ya ce za shi bi burtali ko Allah ya sa wani dami ya maƙale. Na ɗauki mayafina na bi shi, don tun da abin ya faru ko fura ba ya sha.

Hanyar da nake bi ido rufe in je itace, ranar ban gane ta ba. Yashi ya binne kalgo, tsamiyar da muke hutawa ta kwanta saiwa sama, tabarmar wasu na rataye bisa aduwa. Ga warin dabbobin da sunka mutu. Taɓo ya cinye mini takalmi ɗaya, na bar mishi.

Can gaba munka hangi wani kore shar a bakin kwazazzabo. Na ce ciyawa ce. Shi ya duƙa, ya tono, sai ga zangarniya ta ruɓe, kowace ƙwaya ta fid da tsiro. Irinmu ne, ya tsira duka, ga damina ta ƙare.

"Malam, mu kwashe mu dasa mana," na ce.

"Da wane ruwa za shi nuna?" in ji shi. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ni ma na fashe.

Munka ƙarasa rugar wani Bafillace abokinsa da ke bisa tudu, inda ruwa bai kai ba. Geronsa na tsaye lafiya lau. Bayan ya yi muna jaje, maigidana ya daɗe yana kallon gonar, sannan ya ce, "Don Allah tuna mini, ko na taɓa ba ka irin nan nawa, ko da zangarniya guda?"

Bafillacen ya sunkuyar da kai. "Na roƙa, Malam. Ka ce sai baɗi."

Wayyo, da ma zagi ya yi! Ya cika muna ƙwarya da nashi irin, munka juyo gida.

Maigidana ya rasu bai sake ganin geron kakansa ba. Ni yanzu ko kuɓewa na shuka, sai na ƙulla wa maƙwabta irinta tun ba su tambaya ba. Abin da ka ajiye a gonar wani shi kaɗai ruwa ke bar maka.