Gugar Kaka Ladi

A Zongon Wagadugu inda na tashi, sarbolan muke ce wa abin: leda ko takarda a ɗaure kan tsinke biyu, a sa masa wutsiya da dogon zare, a sakar wa iska ta ɗaga shi. Sai da na shiga kolej na gane kalmar Faransanci ce muka tauna, ma'anarta wai barewa mai tashi. Har yau ban sami Bafaranshen da ya nuna mini ƙahon ba. Kakata ta wajen uba, Kaka Ladi, ba ta wahalar da bakinta da wannan suna. Tsumman sama take cewa.

Ita ce mai tatsuniya a gidanmu. Bayan magariba, in an sauke tuwo garwashi bai mutu ba, takan jawo tabarmarta kusa da murhu, mu jikoki mu kewaye ta har a kira isha'i. Ni tana kira na Maigida, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza, kuma kullum tana ƙorafin ba ta taɓa ganin miji marar amfani kamata ba.

Ina aji huɗu na jawo wa kaina magana. Akwai Rasmane ɗan unguwar Kuluba a ajinmu, sarbolan ɗinsa na leda ya fi na kowa tashi. Na miƙe gaban 'yan aji na ce ran Alhamis, da ba a zuwa lakwal, wato makaranta, zan zo da na nailan. Ba ƙarya na yi ba. Kawuna mai gyaran lema a kasuwar Sankaryare ya ba ni rigar wata matacciyar lema, ja jawur. Sai dai ta shekara a gindin buhu, ta yamutse kamar busasshiyar kuɓewa. Yamutsattsen ƙyalle kuwa ba ya yankuwa daidai, fiffike ɗaya zai fi ɗaya, abin ya tashi ya dawo ƙasa da ka.

Ran Laraba da yamma na ɗauko dutsen guga, na cika shi da garwashi, na fifita har ya yi ja, na ɗora. Ko ƙara ba a ji ba. Da na ɗaga, sai ga rami mai siffar dutsen guga sak, zanen da malaminmu zai ba goma bisa goma. Rabin ƙyallen ya tafi, kuma ba ni da wata lema.

"Maigida, me kake soyawa ban ji ƙamshin albasa ba?" in ji Kaka daga bakin murhu.

Na nuna mata ramin. Ta miƙo hannu, na ba ta ragowar.

"Wannan ai ɗan uwan leda ne, ba shaddar ubanka ba. Kai ko akuya aka ba ka ka yi wa wanka sai ka dafa ta."

Ta tsoma ƙyallen a ruwan ɗumi, ta riƙe shi sama da tukunyar ruwan zafi, nesa, inda tururi kawai ke kaiwa. Ta shimfiɗa shi tsakanin zannuwa biyu a kan siminti, ta shafe da tafin hannu, ta rufe da tabarma. Sannan ta zauna a kai. Kaka Ladi ba ƙaramar mace ba ce.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata wuri," ta ce, yadda take buɗe kowace tatsuniya.

Wai a da jemage yana da gashi kamar kowane tsuntsu, amma fikafikansa kullum a yamutse, don a ƙudundune yake kwana. Aka gayyace shi bikin 'yar balbela, gidan da kowa ke fita da farar riga gogaggiya. Ya tafi wurin rana ya durƙusa, ya ce, "Ranki ya daɗe, a goge mini." Rana ta ce ya matso. Ya duba, ya ce da saura. Ta ce ya ƙara matsowa. Haka suka yi ta yi har gashin ya babbake, aka bar shi da fata zalla, ita ma a yamutse. Shi ya sa har yanzu ba sa gaisawa.

Daga nan Kaka ta shiga lissafa mana baƙin biki, kowa da abin da ya sa da wanda ya ɗinka masa. Zabuwa kaɗai ta canza zane sau uku. Ni kuwa idona na kan gefen tabarma.

"Kaka, ki ɗan ɗaga in duba."

"Zauna. Ba a ma ɗauko amarya ba."

Ta ci gaba. Kwaɗo ya ga jemage yana kuka, ya ce masa ya je bakin tafki inda tururi ke tashi da sassafe, ya rataye kansa a reshe, kai ƙasa, ya bar nauyinsa ya ja fatar. Jemage ya rataye. Kullum ya duba ya ce da saura, har aka watse biki bai je ba. Rannan ƙafarsa ta gaji, ya suɓuce. Da ya ga ƙasa na tahowa ya buɗe fikafikan ba shiri, iska ta cika su, suka miƙe santal kamar an ja su da zare.

"Ta tsaya nan," in ji Kaka. "Wanda bai ƙoshi ba ya je bishiyar mangwaro ya tambayi mai ita."

Ta tashi da ƙyar, muka yaye tabarma. Ƙyallen ya kwanta luf, sai 'yan layuka da suka ƙi fita. Na ce bari in ɗan bi su da dutsen, ko da sanyi-sanyi.

"Ka taɓa dutsen nan in sake ka a gaban jama'a. Rataye shi a igiya ya kwana. Sauran na iska ne, ka bar mata aikinta."

"To ke me ya sa ba ki goge fuskarki ba?"

"Ban sami mai nauyin da zai zauna a kai ba."

Da safe na yanka, fikafikan suka zo daidai, sai dai sarbolan ɗin bai fi littafin aji girma ba. 'Yan ajinmu suka yi dariyar ƙanƙantarsa har ya bar hannuna. Da zaren ya miƙe, iska ta cika shi, ban ga layi ko ɗaya ba. Don gaskiya, na Rasmane ya fi nawa nisa. Amma shi ne ya zo ya ce in ba shi zaren ya riƙe kaɗan, ni kuma na sa shi ya roƙa sau biyu.

Kaka ta rasu kafin a rushe unguwarmu. Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar kan haƙuri take, wanda darasi ne mai sauƙin rubutawa a allo. Yanzu ni malami ne, kuma jan birona ya fi garwashi zafi. Na taɓa gyara wa wata ɗaliba rubutu har ta daina rubutawa. Ban bar mata kuskure ko ɗaya ba, ban kuma bar mata takarda ba. Tun daga nan nake ganin jemagen nan sau biyu ya yi asara da kalma ɗaya, "da saura": ta ƙone masa gashi, ta kuma hana shi biki.

A makon jiya wani ɗalibi ya kawo mini labarin da ya rubuta, cike da rai, jimlolinsa a yamutse. Na gyara manyan kurakurai uku. Na ga na huɗu da na biyar sarai. Na rufe biron, na ce masa gobe zai karanta shi a gaban aji.