Sandar Injiniya Garba

Injiniya Garba ba ya amsa sallama sai ya gama raɗa wa fayil suna. Kun san shi. Kana tsaye a ƙofar ofishinsa na Nassarawa, ya ɗaga maka yatsa, wai ka jira.

Ni direbansa ne, ban yi boko ba. Amma na san kwamfutocinsa uku, domin ni nake dakonsu. Ba ƙirarsu ɗaya ba. Akwai wata alama mai kama da sanda da ake sakawa tsakanin sunayen ma'ajiya, don injin ya gane hanyar zuwa fayil. Ɗaya tana son sandar ta jingina hagu, biyun dama.

"Ɗanliti," yakan ce, "hanyar da mota ɗaya kawai ke bi ba hanya ba ce."

Wani Alhaji ya taɓa kawo masa fayil mai suna "sabo na ƙarshe na gaskiya". Injiniya ya ce, "To ina na ƙaryar?" Bawan Allah bai sake dawowa ba.

Har kicin ya kai abin. Ya manna takarda a jikin gwangwani: abinci, sanda, yaji, sanda, daddawa. Matarsa Hajiya ta ce, "Saura ni!" Ya ce ai yana tunanin inda za ta shiga.

Da matata Lami ta rasu, hotonta ɗaya nake da shi, a tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi. Na ce ya adana mini a intanet. Ya ce, "Wane suna?"

"Matata."

"Kowa ma yana da mata. Shekara? Unguwa?"

"Injiniya, makoki nake!"

"Shi ya sa. Ƙananan baƙaƙe, ba tazara."

Ya gwada a injin farko, ya buɗe. Na biyu ya buɗe. Na uku ya ƙi. Ya goge hanyar, ya sake ginawa, har la'asar ta kusa kuɓuce mana. Na zage shi a zuci, wallahi.

Bara aka ƙwace wayar a Hotoro. Lokacin Injiniya ma ya riga mu gidan gaskiya. Na je shagon wani mai kwamfuta a Tudun Murtala, na karanto masa hanyar da ka, don sai da Injiniya ya sa na haddace ta kamar karatun allo. Ya danna. Sai ga Lami, da mayafinta ruwan ƙwai, tana hararata.

Allah Ka jiƙan Garba. Ka haskaka kabarinsa, Ka yafe masa taurin kai.