Yadda Kwaikwayona Ya Raba Maƙwabcinmu da Garinsu

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan shafi, a kuma sakaya sunana da na garinmu. Ni ɗan sakandare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Bagwai, kuma a lokacin da abin nan ya faru babu wanda ya kai ni surutu da tsokana a unguwarmu. Inna takan ce da a ce bakina injin markaɗe ne, da tuni ta yi gidan bulo. Gwanintata ita ce kwaikwayon mutane. In na kalli mutum sau ɗaya, to na ɗauke tafiyarsa da tarinsa da yadda yake gyara hula. Kuma ba na barin labari yadda na same shi. In mutum ya yi tuntuɓe a ƙofar masallaci, kafin maganar ta kai wurin mai shayi, a bakina ya faɗa rijiya har an ciro shi da guga. Mutane su yi ta dariya, ni kuwa dariyar nan ta fi mini tuwo da miyar nama.

Babanmu direba ne. Yana da ƙaramar bas da yake ɗaukar fasinja da buhunan albasa zuwa Kano, kuma da ita muke ci muke sha. Zaurenmu ba ya cin mota, don haka a ƙofar gida take kwana, ƙarƙashin darbejiya. An taɓa ɓalle ƙofarta an cire rediyo, wani karon kuma aka ɗauke jak ɗin ɗaga mota da tayar canji. Shi ya sa Yayana, wanda yake gyaran waya a birni, ya zo da kyamarar tsaro da ɗan faranti mai ɗaukar hasken rana. Baba ya kafa sharaɗi cewa kada ta kuskura ta leƙa gidan kowa, domin akwai matan aure. Sai Yaya ya ɗaura ta can sama da ƙofar zaure, ya sunkuyar da kanta tana kallon motar kaɗai. Ni kuwa na samu abin yi. Na gaya wa yaran unguwa cewa kyamarar tana ganin abin da ke cikin aljihun mutum, har tana gane wanda ya yi salla babu alwala. Wata tsohuwa mai ƙosai ta daina bi ta ƙofar gidanmu saboda ni.

Muna da wani maƙwabci da nake kira Baffa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Abokin Baba ne tun suna yara. Manomi ne, da rani yana noman albasa a bakin dam. Garmar shanu ta taɓa ji masa ciwo a ƙafar hagu, shi ya sa yake ɗingishi, kafaɗarsa tana karkata in yana tafiya. A garinmu har yanzu ana ciyayya: bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida a ci tare. Kwanon Baffa ne yake fara ƙarewa, domin matarsa ta iya miyar kuka. Shi ne ya raɗa mini suna Rediyo. A gabansa nake kwaikwayon tafiyarsa, ya yi dariya har da tari, ya ce ɗan nema ban iya ba, ai shi ɗingishinsa na manya ne, nawa kuwa na agwagwa.

Ƙauyenmu ba shi da masallacin Juma'a, sai mun tafi garin da ke kusa da mu. In rana ta take ranar Juma'a, maza kaf sun fice, wasu a babur wasu a ƙafa, gari ya rage sai mata da ƙananan yara a cikin gidaje. A wata Juma'a motar Baba tana jiran makanike daga Bichi, sai muka bar ta muka hau babur. Muna dawowa muka tarar da gilashin gefen direba a tarwatse a ƙasa, murfin inji a buɗe, babu batir. Baba ya tsaya yana ta salati. Yaya yana gida a wannan makon, nan take ya ciro wayarsa ya ce yau ƙaryar ɓarawo ta ƙare.

Kafin ka ce me, zaurenmu ya cika. Sai dai hoton bai nuna abin da muka yi zato ba. Da yake kyamarar tana sama, ƙoƙon kan mutumin kawai ake gani, da hular sanyi da takunkumi da wata babbar riga. Zuwansa ma ba a gani ba, domin jikin motar ya kare shi. Abin da ya fito sosai shi ne tafiyarsa, 'yan taku kaɗan, ya karkata gefen hagu, ya rufe wani abu da rigarsa. Wayar ƙarama, kawuna da yawa, dattawan da ke baya ba sa ganin komai. Sai wani tsoho ya ce ina Rediyo, ya tashi ya nuna musu yadda shegen yake tafiya, tunda su idonsu ya mutu.

Na tashi. Da farko na yi tafiyar kamar yadda na gan ta, na ɗan karkata kawai. Babu wanda ya yi ko murmushi. Ni kuma ban saba tsayawa a gaban taro a yi shiru ba. Sai na ƙara gishiri. Na ja ƙafar hagu a ƙasa, na sauke kafaɗa, na yi ɗan nishin nan, daga ƙarshe na kai hannu na tura hula gaba da yatsa biyu. Duk garinmu mutum ɗaya ne yake gyara hula haka. Zaure ya ɗauki dariya, wani har ya faɗi a kan buhu. Sannan dariyar ta mutu a hankali. Wani daga bakin ƙofa ya tambaya ko akwai wanda ya ga Baffa a masallaci yau. Aka dubi juna. Babu wanda ya gan shi.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a ranar, amma ba shi da shaida sai matarsa. Magana ta kai ga mai unguwa. Kafin la'asar 'yan sintiri sun shiga gidansa, sun duba rumbu, sun duba turken awaki, sun shiga har ɗakin matarsa sun ɗaga katifa sun buɗe kwalla, mata suna leƙe ta kan katanga. Ba a samu komai ba, amma aka ce ai ɓarawon gida ya san inda yake ajiya. Baffa ya fito da zazzaɓinsa, ya ce a kawo Alƙur'ani ya rantse. Baba ya ce babu buƙata, shi ya bar wa Allah. A bakin mutanenmu wannan kalma ta fi mari ciwo, domin ma'anarta na san kai ne, na dai ƙyale ka. Baffa ya kira Baba da sunan da suke kiran juna tun suna kiwo, ya tambaye shi ko da gaske ya yarda. Baba ya juya ya shige gida.

Na yi magana, amma sau ɗaya, kuma da ƙaramar murya. Na ce wa Baba ni fa na ƙara abin hular, babu shi a hoton. Ya ce in rufe masa baki, manya sun riga sun gani. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne waɗanda suke cewa sun gani da idonsu a waya, yawancinsu ni suka kalla. Kuma a kwanakin farko ina jin daɗi. In na je wurin mai shayi sai a ce ga wanda ya fi kyamara ido, a saya mini burodi, a ce in sake yi. Ni kuma in sake.

Baffa bai daina fitowa ciyayya nan da nan ba. Ya ci gaba da kawo kwanonsa yana ajiyewa a tsakiyar tabarma. Babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya sa hannu a ciki. Sai a ci na kowa a bar nasa, miyar ta daskare, ya ɗauka ya koma da shi a cike. Ni nake kai ruwan wanke hannu, don haka ina ganin komai. In ya zo wucewa, masu babur sai su tashi su murɗa makulli. A bakin dam waɗanda suke haɗa injin ban ruwa da shi suka ce kowa ya nemi nasa. Yaran unguwa suka koyi tafiyar a wurina, suna bin 'ya'yansa da ita har makarantar allo. Babbar 'yarsa ta daina fita talla. Wata rana na ji matarsa tana tambayar Inna a bakin famfo, wane laifi suka yi mini, bayan ita ce ta goya ni lokacin da Inna take jinya. Inna ta dawo gida da bokiti rabi.

Da aka cire albasa, Baffa ya sayar da awakinsa ya ba da aron gonarsa. Ya ɗauko hayar wata mota daga wajen Makoɗa domin kwashe iyalinsa da kayansa, alhali motar Baba tana tsaye an sa mata sabon batir. Ya bi gida gida ya yi sallama. Da ya zo kaina bai ce mini Rediyo ba, ya kira ni da sunana na yanka, ya ce in gaishe da Inna. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da damina ta faɗi sai gaskiya ta fito, daga inda ba a zata ba. A wani gari wajen Rimin Gado, wani Alhaji ya sa kyamarori biyu, ɗaya daidai tsayin fuskar mutum. Ranar wata Juma'a ta kama wani baƙo yana fasa motarsa, fuskarsa tar, har da babur ɗin da yake jiransa a lungu. Da aka kama shi ya faɗi garuruwan da suka shiga, ya ce Juma'a suke bi domin sun san maza ba sa nan. Ya ambaci garinmu, ya faɗi launin motar Baba da darbejiyar. Hoton ya zagaya wayoyi har ya iso mu. Mutumin yana zuwa a miƙe kamar taɓarya, amma da ya ɗauki batir ya juya, sai ya karkata gefen hagu. Da Yaya ya zo gida, ya cire batirin motarmu a gaban jama'a ya ce in ɗauka in taka. Na ɗauka, na karkata. Ya ba wani, shi ma ya karkata. Nauyin batir ne kawai. Duk wanda ya taɓa ɗauka ya sani, amma a ranar babu wanda ya tsaya ya yi tunani, saboda na riga na ba su mutum.

Baba da mai unguwa suka shirya zuwa ba da haƙuri, na nace sai da aka tafi da ni. Muka same shi a wata unguwa a gefen Kano, yana kasa albasar wasu a bakin titi, mutumin da a da yake cika mota da tasa. Ya rame ƙwarai. Ya shimfiɗa mana buhu, ya sayo mana ruwa. Baba ya ba shi haƙuri, ni kuma na durƙusa na faɗi duk abin da na ƙara. Baffa ya ce ya yafe duniya da lahira, yaro ne, kuma shi ma da yana dariyar abin. Amma da mai unguwa ya ce to ya tattara ya dawo gida, sai Baffa ya girgiza kai. Ya ce Malam, yafiya daban, zama daban. Ba zai iya haɗa tabarma da mutanen da suka tsaya suna kallo aka ɗaga katifar matarsa ba. Muka nemi mu ƙarasa gidansa mu gaisa da ita, aka ce ba ta jin daɗi. Mun san lafiyarta ƙalau.

Tun daga nan Baba ya zama wani iri. Yakan tashi mota ya manta bai ɗauki fasinja ba. Bai taɓa zagina a kan maganar ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ga masu mota a ƙauyuka irin namu, ku cire batir ku shiga da shi gida in motar za ta daɗe a tsaye, kada ku bar komai a ciki da zai ja ido, kuma ranar Juma'a ku san gari ba ya da maza. In za ku sa kyamara, ku sa ta inda za ta ga fuska, ba ƙoƙon kai ba. In ta ɗauki wani abu, ku kai wa hukuma, kada ku buɗe shi a zaure cike da mutane masu zafin rai. Wanda hoto bai nuna fuskarsa ba, kada bakinku ya nuna shi. Ga 'yan'uwana samari masu son a yi dariya kuma, ku sani akwai wurin da ake tambayarka don a yi nishaɗi, akwai wurin da ake tambayarka a matsayin shaida, kuma ba kullum ake gaya maka wanne ne ba. Ni ban bambance ba, wani ya biya da garin haihuwarsa.

A ruwan watan Agusta katangar gidan Baffa ta zube, domin babu mai yaɓe. Yanzu in na fito alwalar asuba ina hango tsakar gidansa, tafasa ta tsiro ta kai gwiwa, murhun matarsa ya cika da ruwa. Na ce wa Baba in kaka ta yi zan kwaɓa ƙasa in tayar da ita. Ya ce in tayar, amma in san babu mai shiga. Ina roƙon masu karatu su sa Baffa da iyalinsa a addu'a, ni ma in da saura a sa ni.