Baba In-Kuma, Wanda Ya Riga Mu Jin Tsoro

Kafin mai shara ta gama goge baranda ya riga ya iso. Ba ya fara shiga ofis. Bayan gini yake zagayawa, inda ake jera tukwanen iska, ya tsaya da hannu a baya yana kallon masu lodi. Ya gaida kowa, ya tambayi mai ciwon baya ya jiki, sannan ya wuce ɗan ɗakinsa mai taga ɗaya da farin allo a bango. Allon nan ban taɓa ganinsa fes ba, kullum cike yake da zanen akwatuna da kibau, wannan na nuna wancan. Haka yake yi tun zuwansa, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Kamfaninmu iskar oksijin yake ɗurawa a tukwane, ya kai wa asibitoci da marasa lafiyar da ke jinya a gida. Ni ce mai amsa waya. Wanda nake jinjina wa kuwa mai nazarin tsarin aiki ne. Ba shi yake rubuta manhajar kwamfuta ba. Nasa shi ne ya gano abin da ya kamata manhajar ta yi tun kafin a rubuta ta: ya yi tambaya, ya zana yadda aiki ke tafiya daga hannu zuwa hannu, ya miƙa wa masu rubutawa. Abin da ya manta, manhaja ta manta shi har abada.

Ranar da aka ce za a kawo sabon tsari, hankalin kowa ya tashi. Labari ya bazu cewa kwamfuta ce za ta riƙa karɓar oda, ta raba motoci, ta lissafa tukwane, mu kuma a sallame mu. Sai ga wani dattijo mai furfura da tabarau yana bin mu teburi-teburi. In ya doso, hira ta mutu. Dogo, babban direbanmu, ya raɗa masa suna mala'ikan sallama.

Kujera ya jawo ya zauna kusa da ni, yana sauraren yadda nake amsa kira. Da na ajiye waya sai ya ce, "Ɗiyata, in asibiti ya kira, me kike fara yi?"

Na gaya masa.

"In kuma biyu suka kira lokaci ɗaya fa?"

Na gaya masa.

"In kuma mota ta riga ta fita fa? In kuma wanda ya kira kuka yake yi, bai iya faɗin adireshi ba fa?"

Daga nan sunan ya samo asali. Ba a yi nisa ba kowa ya koma kiransa Baba In-Kuma, har shi ma yana amsawa. Matarsa ta taɓa zuwa kawo masa maganin da ya manta a gida, ta ji sunan, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Wallahi kun iya suna. Mutumin da ko kujera zai zauna sai ya girgiza ta tukuna."

Gaskiya ta faɗa. Baba matsoraci ne, kuma ba ya ɓoyewa. Yana tsoron tsani, yana tsoron gudun mota, yana tsoron a ɗaga masa murya. Duk da haka ya ce sai ya bi Dogo rabon tukwane, don ya ga abin da ba a gani daga ofis. Dogo ya ba mu labari da bakinsa. Ya ce suna fita ya taka birki a gefen titi, ya kashe mota.

"Baba, tsakaninka da Allah, mu nawa za a kora?"

"Ban sani ba, ɗana, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Abu ɗaya na sani. Duk abin da kuka ɓoye mini, manhajar ba za ta san shi ba. Ranar da aka neme shi aka rasa, ba ni zan rasa numfashi ba, ba kai ba. Wani ne can a kwance."

Dogo ya ce sai ya tada mota, ya fara magana. Ya nuna masa lungun da babbar mota ba ta shiga, da asibitin da ba ya kira sai iska ta kusa ƙarewa, da wanda ke kira da wuri alhali yana da ajiya. Baba na riƙe da ƙofa da hannu ɗaya, yana rubutu da ɗayan. Daga ranar bakin mutane ya buɗe.

Inda aka yi ta ta ƙare shi ne ɗakin taro. An kira ni in zauna a madadin masu karɓar oda, shi ya sa na gani da idona. Manaja yana son tsari mai sauƙi: wanda ya fara kira, shi za a fara kai wa, kwamfuta ta jera layi, kada kowa ya taɓa. Ya ce hakan ne adalci, kuma masu rubuta manhaja sun ce za su gama da wuri.

Baba ya miƙe da takardunsa a hannu. Ya ce layi adalci ne a wurin sayen kaya, ba a wurin numfashi ba. Yana so duk wanda ya kira a tambaye shi iskar da ta rage masa, da ko akwai mai shaƙa a lokacin, manhaja ta auna wanda zai fara shiga haɗari. Yana so kowace tukunya a san inda take, ko da tana bayan mota a kan hanya. Abin da ya fi tada ƙura kuwa, ya ce a bai wa mai amsa waya ikon karya layi, ta juya mota.

Manaja ya kalle ni, ya kalle shi. "Yarinyar nan za ka damƙa wa motocin kamfani?"

"Ranka ya daɗe, ita ce ke jin muryar mai kira. Mu ba ma ji."

"Tsoro ya yi maka yawa, Malam. Abin da bai faru ba kake ta gina masa ɗaki. Sa hannu mu wuce."

Aka turo masa takardar amincewa. Ina ganin gumi na gangarowa ta bayan kunnensa. Ya ɗauki biro, ya juya shi, ya ajiye.

"Ba zan iya ba, ranka ya daɗe."

"Akwai masu iyawa a waje."

"Na sani. Amma ba a fafe gora ranar tafiya."

Da muka fito ya jingina da bango, ya ce in ɗebo masa ruwa. Mun ɗauka shi ke nan an kore shi. Maganar ta kai kunnen mai kamfanin, ta sa aka kawo mata zanensa, ta ce a yi yadda ya ce. Aikin ya ƙara tsawo, manaja ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa.

Aka kafa tsarin, muka saba da shi, har wasu suka fara cewa Baba ya wahalar da mutane a banza. Sai ranar ta zo.

Da rana tsaka ne. Ƙarar injin ɗura iska, wadda kunnenmu ya saba da ita har ba ma jin ta, ta tsaya cak. Shirun ne ya fara firgita mu. Makaniki ya leƙo ya ce gyaran zai kai yamma, in an yi sa'a. Tukwanen da ke cike duk sun fita, sito wayam. Wayoyi suka fara ruri.

Cikin kiran akwai wata nas daga ƙaramin asibitin haihuwa. Ba ta ko yi sallama ba.

"'Yar'uwa, ki taimake ni. Bakwaini gare ni a kan iska, allurar ma'auni ta kusa kwantawa. Tukunyar ajiyarmu ashe yoyo take yi, babu komai a ciki."

Na shigar da abin da ta ce, yatsuna suna kuskure ina gogewa. Sunan asibitinta ya yi tsalle daga ƙasan layi ya hau sama, ya koma ja. A gefe allon ya nuna motar Dogo ɗauke da tukwane cike, tana hanyar wani babban asibiti da ya riga kowa kira, wanda ajiyarsa za ta kai shi har dare. Ga wurin da zan danna in juya motar. Ban taɓa danna shi ba. Manaja ya fita, wayarsa ba ta shiga. Na ce a raina, in lissafin nan ƙarya ne fa? In na ƙwace iskar wasu na kashe su fa?

Ban san lokacin da Baba ya zo bayana ba. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Baba, ka danna," na ce.

"A'a, ɗiyata. Kujerarki ce. Me allon ya ce?"

"Ya ce babban asibiti na da ta dare."

"Wa ya shigar da wannan?"

"Ni, da safe. Mai sitonsu ne ya gaya mini."

"To kin yarda da kunnenki?"

Na yi bisimilla na danna. Saƙo ya tafi wayar Dogo, alamar motarsa a allo ta tsaya, ta juya.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Nas ba ta kashe waya ba. Ina jin takun ƙafafu, ina jin wata mata, uwar jaririyar, tana salati tana maimaitawa. Nas na cewa, "Allurar tana sauka. 'Yar'uwa, tana sauka. Ina direban?" Alamar motar kuwa ta maƙale wuri ɗaya, cunkoso ya rufe hanya. Masu lodi suka taru a ƙofar ofishina cirko-cirko. Baba ya riƙe bayan kujerata har ina jin tana girgiza, leɓɓansa na motsi.

Sai nas ta ce, "Innalillahi," wayar ta faɗi ƙasa.

Na yi ta kira, "Sista! Sista!" Shiru. Sai hayaniya daga nesa, ƙarar ƙarfe a kan siminti, wata murya mai kauri tana cewa a ba shi hanya. Ashe Dogo ya bar motar a tsakiyar titi da yaron mota, ya saɓi ƙaramar tukunya a kafaɗa, ya ratsa lungu da gudu. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Can aka ɗauki wayar, nas tana haki.

"Ta karɓa. Launinta na dawowa."

Na juya in gaya wa Baba, na tarar da shi zaune daɓas a ƙasa, ya cire tabarau ya rufe fuska da tafin hannu. Injin ya tashi kafin rana ta faɗi, babban asibiti ya samu nasa ba tare da ya san abin da ya faru ba. Washegari manaja ya je ɗan ɗakin mai taga ɗaya da ƙafarsa. Ba mu ji abin da suka ce ba.

Ba zan ce sabon tsari bai ci kowa ba. Tsohon magatakardanmu ya rasa teburinsa. Baba ya yi ta hawa bene yana roƙo a sama masa wani gurbi, bai yi nasara ba. Har yau mutumin in ya hango shi sai ya sauya hanya, kuma Baba bai taɓa cewa ba shi da hannu a ciki ba.

Baba, yau da kai nake. Kai ne ka ji mana tsoro tun muna zaune lafiya, ka ɗauki fargabar da ya kamata mu raba ka kai ta gida kai kaɗai. Kai ne ka tsaya gaban manya duk da tsoronka, ba ka sa hannu ba. Kai ne ka yarda da kunnen mai amsa waya lokacin da ita kanta ba ta yarda da shi ba. Garkuwar da ba a gani, mai tambaya ba ya ɓata. Sunanka ba ya jikin manhajar, ba ya jikin tukunya ko ɗaya. Nas ta ce jaririyar nan ta girma, yanzu gudu take yi har ba a iya kama ta, uwarta kuma Dogo take yi wa addu'a. Da na ce zan gaya mata labarinka sai ka hana, ka ce Dogo ne ya yi gudun.

Mun gode, Baba. Ni da masu lodi da direbobi, da waɗanda suka shaƙi iskar ba su san ka ba, mun gode.

Ku kuma da ake bai wa aikin tsara wa mutane yadda za su yi aiki, a ofis ne ko a asibiti ko a shago, ku yi koyi da dattijon nan. Ku taso daga teburinku ku zauna kusa da wanda abin zai faɗa wa a hannu. Ku yi tambayar da ake jin haushi. In hankalinku bai kwanta da wata takarda ba, kada ku sa hannu don a ce kuna da sauƙin kai.

Allah ya sa ka huta lafiya, Baba. Ka yi mana fargaba ta isa. Allah ya ba ka barcin da babu firgita a cikinsa.