Sharar Taubashi a Maganin Yaya

Yayata ba ta taɓa sa taba a baki ba, ko ta gari ko ta hayaƙi. Na fara da wannan ne domin ita ce tambayar da kowa ya riƙa jefo mana sa'ad da aka ce sankara ce a huhunta, sai ka ce in an samu laifin da za a ɗora mata tarin zai tsaya. Sana'arta gumin shinkafa. Tun tana amarya a Kalgo take turara shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a rabin durom, ta shanya a tabarmi, a kai inji, har mijinta ya rasu tana kan haka. Ta girme ni da nisa, ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu. Yaya nake ce mata, ita kuwa tun da na fara koyar da yara a zaurena a Gwandu ta bar kiran sunana, sai Malam.

Tarin ya soma ne da bazara. An yi citta da zuma, an yi saƙe-saƙi, ni ma na yi mata rubutu ta sha. A asibitin kusa aka ɗora ta kan maganin tarin fuka, ta shanye shi tas, tarin yana nan. Yaya mai tilawa ce da hantsi, tana karanta ƙananan surori da ƙarfi yadda maƙwabta ke ji ta kan katanga. Da na ji ta fara yanke aya a tsakiya don ta nemi numfashi, sai na ce a tafi Sakkwato.

Likitar da muka samu a can mace ce daga ƙasar Zuru, Kirista, mai magana a hankali. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka sa allura aka tsakuro ɗan nama daga tsiron, aka aika da shi wani wuri mai nisa a auna. Muka koma gida muka jira. Ranar da sakamako ya zo, ta zaunar da mu ta dube ni.

“Baba, kuna noman shinkafa?”

“Muna taɓawa.”

“To kun san maganin feshi iri biyu ne. Akwai mai ƙone duk abin da ya tarar, haki da shuka. Akwai mai zaɓe, wanda ke bin haki iri ɗaya ya bar shinkafa tsaye. Sankarar huhu ma ba iri ɗaya ba ce. Ta Mama tana da wata tawaya a ƙwayoyin halittarta, ita ke sa tsiron yaɗo, kuma an yi wata ƙwaya domin wannan tawayar kaɗai. Wanda tasa cutar ba ta da ita, ko buhu ya sha ba abin da zai samu sai wahala.”

Ta ƙara da cewa ƙwayar ba ta cire cutar da saiwa, danne ta take yi, kuma sai an sha ɗaya kullum ba tsallake. Na rubuta wa Yaya wannan da ajami a jikin kwalin, tunda shi take karantawa. Ɗanta da ke aiki a kudu shi ya ɗauki nauyin sayo maganin, bayan mun sayar da fadamar gado. Duk wata ake aiko da na wata, daidai wa daida, ba rara.

Abin da Allah ya yi da wannan 'yar ƙwaya ni shaida ne. Kafin zafi ya kama sosai Yaya ta koma kai aya ƙarshe da numfashi ɗaya. Ta koma cin tuwo, ta koma faɗa da masu inji kan sun kakkarya mata shinkafa. Matar da aka fara yi wa kallon gawa sai ga ta a kasuwar Kalgo tana taya kifi. Labari kuwa ya zaga gari da ƙauyuka, kuma a bakin mutane ya tashi daga maganin sankara iri kaza ya koma maganin ƙirji, daga nan ya koma maganin tari kowane iri.

A nan taubashinmu ya shigo. Ɗan goggonmu ne, ƙanwar babanmu, don haka a al'ada mu ne iyayen gida shi ne bawa, kuma shi ke karɓar shara, 'yar kyautar taubasai, a hannunmu duk watan cika-ciki. Kamasho yake yi a tasha. A ƙuruciyarsa ya taɓa gadin wani shagon magani, tun daga nan ba cutar da bai san kanta ba. Ana cewa wane ba lafiya zai tambayi kalar ƙwayar da aka ba shi, ya girgiza kai ya ce da ja aka ba shi da tuni ya tashi. Taba kuwa yana kunna wata da wutar wata, yana da ɗan tarinsa na safe wanda ya girmi 'ya'yansa.

Ina gidan Yaya ranar da ya fara zuwa dubiya. Ya faɗo tsakar gida yana kaɗa babbar riga.

“Uwar ɗakina, ashe mutuwa ta ƙi ki? Na san za a yi haka, ko lahira ba a son marowata.”

“Bawa, ba sallama? Haka goggo ta koya maka?”

“Sallama ta 'ya'yan gida ce. Ina wanga magani da anka cika gari da labarinai? Bana ba ni son sharar kuɗi, ƙwaya nika so.”

Yaya ta yi dariya har da tafi. Na ce masa wannan ba irin maganin da ya sani ba ne, sai an auna naman huhun mutum an ga ya dace. Ya kalle ni ya kalli Yaya.

“Ji Malam da batun likita. Huhu dai ba huhu ba ne? Na uwar ɗakina da zinari anka yi shi?”

Muka rabu a kan wasa, ni kuma na hau mota na koma Gwandu da zaton wasan ya ƙare a nan.

Wanda bai san mutanenmu ba zai ce me ya hana ta ce a'a. Abu biyu ne suka haɗu. Taubashi ba a hana shi abin da ya sa wa hannu, ko hular kanka ce, kuma wanda ya ɓata rai shi ake wa dariya. Sannan magani a wurinmu ba a rowarsa. Wadda ta ji daɗin wani sassaƙe takan ƙulle ragowar a leda ta aika wa maƙwabciya, kuma ana ganin wanda ya ɓoye abin da ya warkar da shi albarkar abin na iya barinsa. Da sabara da tafasa ba laifi, daji cike yake da su. Amma mutanenmu sun ɗauki wannan hukunci sun ɗora wa ƙwayar da aka sayar da fadama aka sayo, ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko mai ita tana da ta gobe.

Ya koma bayan tafiyata ya karɓi sharar tasa. Da ya sha na 'yan kwanaki, ƙuraje suka feso masa a fuska da ƙirji, gudawa ta sa shi zarya bayan tasha. Likita ta riga ta gaya mana ƙwayar takan yi haka, Yaya ma ta yi fama da su. Mai hankali da ya tsorata. Shi kuwa sai ya riƙa buɗe wuyan riga yana nuna wa direbobi.

“Ku duba, cuta ce ke hita. Shekara da shekaru tana ciki ban sani ba. Wanga magani ba ya wasa.”

Ƙurajen nan su suka zama tallar maganin. Ya fara rako mutane gidan Yaya kamar yadda yake rako fasinja bakin mota: wani tsoho daga Dangoma mai asma, wata mata da mijinta ke tari tun da ya yi sussuka, wani mai shayi da ba abin da ke damunsa sai son ya ga nasa ƙurajen. Kowa ya zo da 'yar ledar lemu ko goro, ya yi sannu, ya yi addu'a mai tsawo, a ƙarshe ya sunkuyar da kai ya ce ko guda ɗaya, don Allah. Shi kuma yana gefe yana cewa uwar ɗakinsa ba ta iya hana bawa ba, balle baƙon bawa. Yaya ta koma sha yau ta bar gobe. Daga baya ta koma raba ƙwaya biyu da wuƙar yankan kuɓewa.

Ban sani ba sai farkon damina, da na je Kalgo na kwana. Da hantsi ina alwala na ji ta fara tilawa, ta kai tsakiyar aya ta tsaya. Ta sake ɗauka, ta sake tsayawa. Na shiga ɗakin na ɗauko kwalin daga cikin kwalla, wata bai raba ba amma ya kusa zama fanko.

“Yaya, ina maganin?”

“Bayin Allah sun sha.”

“Ba ki ga abin da na rubuta a jiki ba?”

“Na gani, Malam. Kai da ke ba mutane rubutu, ka taɓa tambayar wani irin huhunsa kafin ka miƙa mai? Allah ya ba ni sauƙi, sai in kwanta kan magani kamar kaza kan ƙwai, mutum na tari a ƙofar ɗakina?”

Ban iya yi mata faɗa ba. Matar da ta goye ni ce, kuma abin da ta yi shi aka koya mata tun tana yarinya cewa shi ne kirki. Haushina yana kan ƙattin da suka ga tsohuwa ta dawo daga bakin kabari, abin da ya fara zo musu shi ne ina rabonsu.

Muka koma Sakkwato, aka sake hoto. Tsiron ya motsa. Likitar ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta yarda ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba. Ta ce ba za ta rantse tsallaken ne ya jawo ba, domin wannan cuta ko ana sha kullum takan daɗe ta gano hanyar kauce wa ƙwayar. Amma ta ce duk ranar da ba a sha ba, an sakar wa cutar mara ne ta yi abin da take so.

Daga asibiti ban mai da Yaya Kalgo ba, Gwandu na wuce da ita. Maganin na sa shi a gafaka tare da littattafaina, kullum bayan sallar asuba in ɓallo ɗaya in miƙa mata da ruwa in tsaya har ta haɗiye. Ba a yi sati ba sai ga taubashi a zaurena da wani mutum daga Masama.

“Malam, an ce ka kama uwar ɗakina ka kulle. To ga baƙo na kawo, ƙirji ke damunai.”

“A kai shi asibiti.”

“Asibiti ga magani a gida? Kai ke wa'azin sadaka ran Juma'a, ashe ta baki ce.”

“Ta bakin ce. Ku gaida gida.”

Ya tafi ya ba da labarina a tasha, na zama malamin da ya hana mara lafiya magani. Har wasu dattawa suka same ni a masallaci suna ba ni haƙuri a kan in sassauta, wai zumunci ya fi ƙwaya. Na ce su kawo numfashin da za a ba Yaya, sai in ba da ƙwayar.

Maganin bai sake riƙe cutar kamar da ba. An ƙara gwaji, ba a samu wata ƙwayar da ta dace da sabon halin tsiron ba. Yaya ta ga shinkafar bana ta nuna, ta sa aka kawo mata damin farko ta shafa da hannu ta ce ruwa ya yi mata yawa. Tilawa ta koma yi a zuci, leɓe kawai ke motsi. Bayan an gama girbi Allah ya karɓi abinsa, da rana, kanta a cinyar matata. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, shi nake koya wa yara. Amma wanda ya buɗe wa awaki rumbu ba shi da bakin cewa rabonsu ne ya tsaga.

Ranar sadakar uku taubashi ya zo, kuma ya yi kuka na gaske, ba zan ɗauke masa wannan ba. Aka yi addu'a aka shafa, mutane suka fara tashi. Sai ya matso kusa da ni a kan tabarma, ya rage murya.

“Malam, Allah ya ba mu haƙuri. Na ce, in akwai sauran ƙwayar nan, kada ta lalace a banza.”

Sauran na riga na ɗaure shi zan mayar wa likitar, ita ta san wanda gwajinsa ya dace. Na ce masa akwai.

“Ka shirya gobe mu tafi Sakkwato tare. A sa maka allura a ƙirji a tsakuro naman huhunka a auna. In an samu irin cutar Yaya, da hannuna zan ba ka.”

Ya ja da baya har hularsa ta goce.

“Subhanallahi! Wace irin fata ce wagga, Malam? Ni lahiyata lau.”

Na ce na sani. Na tashi na shiga cikin gida, na bar shi yana laluben takalmansa a bakin zaure.