Gwajin Zaure

Ban taɓa mantawa da safiyar da na fara taka tsakar gidan Alhaji Ɗahiru na Furfuri ba, ina tallabe da na'urar intanet kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Ku da kuka shigo aikin nan bana kun tarar da doka cewa ba a rufe ciniki sai an gwada sabis a ɗakin da za a yi amfani da shi, kuma na ji wasunku na ƙorafin tana cin lokaci. To ni ne sanadin dokar, kuma ba abin kirki na yi aka kafa ta ba.

A lokacin ina shekara ta uku a kamfanin, a matsayin wakilin fili. Ga wanda bai san tsarinmu ba, wakilin fili shi ne na ƙasa. Shi ke yawo a babur, ya tallata, ya gwada sabis, ya kafa na'ura. Sama da shi akwai shugaban shiyya, sama da wannan kuma sai manajan reshe. Shiyyata ta kama daga Damba har Bungudu, wani lokaci a are ni zuwa Tsafe idan na can ya yi tafiya. Albashin bai taka kara ya karya ba, kamasho ke riƙe da mu, shi kuwa kamasho yana bin girman tsarin da ka sayar.

Ni mutum ne mai yawan tafiya a zuci. Matata kan ce ko tuwo nake ci rabina ba ya gida. Idan ina kan babur tsakanin gonaki na hango turken sabis daga nesa, sai in shiga tunanin maganganun da ke wucewa ta saman kaina, gaisuwar wani, kukan jaririn wata, cinikin buhun masara, duk suna tafe cikin iska ba mai ganinsu, shanu na kiwo a ƙasa ba ruwansu. Na sha wuce kwanar da zan shiga saboda irin wannan tunani.

A ƙarshen rani Alhaji Ɗahiru ya zo ofishinmu na Gusau. Ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai sanyin magana, yana da rumfa a cikin gari amma iyalinsa na Furfuri. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Malam Lawali, wanda ya hi kowane girma nika so," in ji shi. "Ba don ni ba, don Inna."

Ya yi mini bayani. Mahaifiyarsa, Hajiya Ige, ƙafa ta daina ɗaukarta shekara biyu ke nan, tana kwance a ɗaki. Autarta Balki tana Malesiya inda mijinta ke karatu, rabon da su ga juna shekara biyar. Balki ta haihu, an yi wa Inna takwara. Ga shi kuma ciwon ido ya kama tsohuwar, irin mai cin gani a hankali, likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. An sha nuna mata hoto a waya, sai ta ture. Cewa take hoto ba ya ƙifta ido, ita so take ta ga yarinyar tana motsi, ta yi mata magana ta juyo.

Tambayoyi uku aka koya mana mu yi wa mai saye: wa zai yi amfani da shi, me zai yi da shi, a ina zai zauna. Amsar biyun farko ta isa ta nuna mini cewa ƙaramin tsari ya ishe su, domin kiran bidiyo sau biyu ko uku a mako ba ya cin data mai yawa. Amma wata ya kusa ƙarewa, ban cika adadin da aka ɗora mini ba, ga mutum ya kawo kansa. Na sayar masa da babban tsarin nan da muke kira mara iyaka, na wata shida a dunƙule. Ban ma tsaya gaya masa cewa iyakar na nan a ƙananan rubutun bayan takarda ba, inda aka ce idan an kai wani mataki gudun yakan ragu. Tambaya ta uku kuwa ban yi ta ba sam.

Washegari na je kafawa. Gidan na kan tudu a bakin hanya, zaurensa na kallon gabas, wajen Gusau, inda turkenmu yake. A jikin bangon an rubuta "Ba a shiga" da shuɗin fenti. Fom ɗin gwaji yana da gurabe uku: ƙofar gida, tsakar gida, da ɗakin mai amfani. Amma wane wakili ne zai dubi magidanci ya ce masa ina so in shiga cikin gidanka? A tsakaninmu abin har suna gare shi, gwajin zaure. Ka kunna a zaure, in ya kawo, ka cike gurabe ukun duka. Na kunna, sandar ƙarfin sabis biyar cif. Akwai wutar sola a zauren, na jona, na ɗora na'urar a kan kanta, na ce a gaida Inna. Aka ba ni fura na sha, na kama hanya ina lissafin kamasho.

Bayan wata ɗaya Murja, mai kula da masu saye a ofis, ta kira Alhaji kamar yadda tsari ya ce. Ya amsa mata da cewa lafiya lau, an gode, Allah ya saka. Ta rubuta hakan a fayil.

Sai wata Laraba, damina ta kankama, gero ya kai gwiwa. Na fito da sassafe zan je Bungudu don in dawo kafin la'asar, tunda hanya ba ta biyuwa da yamma. Ruwa ya tare ni daidai Furfuri, na fake a zauren Alhaji. Na tarar da shi da maƙwabta kusan goma a kan tabarmi, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya, wasu na kallon dambe, wani dattijo na sauraron wa'azi. Raina ya yi daɗi. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, Inna ta ga takwararta dai ko?"

Alhaji ya dubi tabarma.

"Ai abin bai kai ciki," ya ce a hankali. "Mun kai shi ɗakinta ya ƙi. Mun maido shi nan, waya ba ta jawo shi daga can. Mu mun ɗauka haka nan yake."

"Me ya sa ba ka faɗa ba da aka kira ka?"

"Kada in ɓata maka aiki. Kai ka taho har gida, ka yi ƙoƙarinka."

Ya ce sun yi shawarar ɗauko ta zuwa zaure, ta ce ita ba za a baje ta a gaban maza kamar shanya ba. Don haka shi ke yin kiran a zaure, ya shiga ya ba ta labari. Matan gidan ma ba wadda ta taɓa amfana da shi. Na tambayi idon. Ya ce na hagu ya tafi tun watan jiya.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ni kunyar tambaya ta hana ni shiga, shi kunyar ƙorafi ta hana shi magana, tsohuwa kuma na can ganinta na ƙarewa. Na ce, "Alhaji, ka yi mini izini in shiga in gwada."

Ya ɗago ya dube ni da mamaki. "Da ka tambaya tun ranar, ai da ka shiga."

Ya leƙa ciki ya sanar, mata suka shige ɗakuna. Ruwan ya tsagaita. Na jona na'urar da batirin tafi-da-gidanka, na bi bayansa. Ashe gidan gangare yake, daga zaure yana sauka ne zuwa fadama. A zaure na biyu sanda ta koma uku. Wajen rumbuna ta koma ɗaya. Muna zagaya wata ƙatuwar tsamiya sai fitilar ta yi ja. Ɗakin Inna na can ƙarshe, ginin ƙasa mai kaurin bango, da 'yar taga guda tana kallon yamma. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na turaren wuta sun cika wurin.

"Wa ke nan?" in ji wata murya daga ciki.

"Mai intanet na, Inna," in ji Alhaji.

"Angona na? Shigo mana. Kai wane irin miji ne, ka kawo lehe ka aje zaure ka gudu?"

Na shiga na durƙusa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce a kan gadon ƙarfe, tana karkata kai don ta kalle ni da idon dama. Na ɗaga na'urar sama, na kai ta taga, na kai ta bakin ƙofa. Ko ɗigo babu. Ina cikin haka sai na ji aljihuna na rawa. Duk wakilin fili yana da ƙaramar waya ta biyu mai layin wani kamfani, saboda ranar da namu ya ƙi, ko da yake ba ma faɗa a ofis. Saƙonni ne ke ta shigowa. Na ciro ta, sanda huɗu. Turken wancan kamfanin na wajen Bungudu, kuma tagar Inna shi take kallo.

Na san abin da zan faɗa zai iya cin aikina. Sannan na ce, "Alhaji, ba ni lambar Balki."

Hantsi ne a wurinmu lokacin da na buga kiran bidiyon. Da aka ɗauka, sai ga wata mace a gaban taga, hasken yamma a bayanta, da wasu dogayen itatuwa da ban san sunansu ba. Na miƙa wa Inna, ta kai wayar dab da idonta har hancinta na taɓa gilashin. Balki na can tana kuka tana kiran Inna, Inna. Sai aka ɗago jaririyar, ta wangale baki ta yi hamma, ta kai hannu za ta kama wayar.

"Ga ta nan," in ji Inna. "Ga goshin kakanta Malam nan, Allah ya jiƙan shi. Ke, takwara, mi kike kallo?" Can kuma ta ce, "Balki, rana ta yi sanyi wurinku? Mu nan yanzu ta taho. Ashe ku ka hwara gamawa da ita, ku aiko muna saura."

Na fita na tsaya ƙarƙashin tsamiya, ruwa na ɗiga daga ganye a kan hulata. Shekara uku ina tunanin maganganun da ke yawo a iska, ranar ce na fara ganin inda ɗaya ta sauka. Na yi hawaye, ba zan ɓoye muku ba.

Kafin in tafi na gaya wa Alhaji gaskiya. Ya sayi 'yar ƙaramar na'urar wancan kamfanin mai batiri a ciki, ya ɗauki mafi ƙanƙantar tsarinsu, na wata ɗaya tak, in ya ga ya yi sannan ya sabunta. A rataye ta a ƙusa kusa da taga. Na bar masa wayata har ya saya.

Da na koma ofis na shiga wurin manaja, Malam Nasiru, na zayyana masa komai, har da gurabe ukun da na cike a zaure. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Wato kai yanzu talla kake yi wa maƙwabta da babur ɗinmu?"

"Ranka ya daɗe, namu bai kai ɗakin ba."

"Ka san wa'adin maido da kaya mako biyu ne, kuma ya wuce?"

Na ce na sani. Ya ba ni takardar tuhuma, aka janye kamashon cinikin. Amma ya sa hannu aka mayar da na'urar da sauran watanninta rumfar Alhaji ta cikin gari, inda sabis ɗinmu ke da ƙarfi kuma ake da buƙatarsa. Maƙwabtan zaure ne kawai suka yi fushi da ni, har yau akwai wanda ba ya amsa gaisuwata da kyau. A taron wata Malam Nasiru ya tambayi wakilai wa bai taɓa gwajin zaure ba. Ba wanda ya ɗaga hannu. Daga nan aka kafa dokar, aka kuma ce Murja ta riƙa bin mu gidajen da namiji ba zai shiga ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutanenmu ba sa kawo ƙara. Za su ce maka lafiya lau alhali abin da ka sayar musu na can ya zama ado a kan kanta. Don haka kai za ka tambaya, tun kafin a biya: wa, me, a ina. Tsari mai araha shi ne wanda ya kai ɗakin da ake buƙatarsa, ko da ba namu ba ne. Wanda ya sayi babba bai kai ba, ya yi asara ko nawa aka rage masa.

Da kaka, ana yankan dawa, na biya Furfuri. Wannan karon ban tsaya a zaure ba. Idon dama ma ya tafi. Inna ta gane muryata, ta laluba ta kama hannuna. 'Yar na'urar na rataye a ƙusa, fitilarta kore. Na fara ba ta haƙuri a kan watannin da na ɓata mata, ta katse ni.

"Bari, angona. Wata ukku ina kallonta. Na ga ta zauna, na ga haƙorinta na hwari. Yanzu in ta yi dariya, na san yadda bakin yake."